Ido Lafiya Lau, Rabin Duniya Ya Ɓace

A shekarar 1941 wani likitan ƙwaƙwalwa na Landan mai suna Russell Brain ya wallafa bayanin marasa lafiya uku da ke ɓacewa a cikin gidajensu. Ba ruɗun tsufa ke damunsu ba, kuma ba su manta gidajen ba. In sun iso inda ya kamata su karya hagu sai su karya dama, in kuma ƙofa biyu ce a gabansu ta daman suke nufa, sai su tsinci kansu a ɗakin da ba shi suka yi niyya ba. Su ukun duka lahanin yana ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, ta can baya. Brain ya yanke cewa waɗannan bayin Allah sun daina lissafi da rabin sararin da ke hagunsu.

Duk wanda ya daɗe a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki ya ga wannan larura ta sha'afa da gefe guda, ko da ba a taɓa gaya masa sunanta ba. A ajiye wa mutum faranti, ya cinye na gefen dama tas, ya ce bai ƙoshi ba; a juya masa farantin, ya ci gaba da cin abinsa. Mace ta sa kwalli a idon dama ta bar ɗayan. A ce ya zana agogo, ya cusa lambobi 12 ɗin a rabin da'ira. Ka tsaya a hagunsa ka yi sallama, ya amsa, amma ya juya dama yana neman mai maganar. Ba kuma larura ce ta jefi-jefi ba. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2004, kan mutum 1,281 da suka samu bugun jini, wato shanyewar ɓarin jiki, ya same ta a jikin kashi 43 cikin ɗari na waɗanda bugun ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsu, da kashi 20 na waɗanda ya taɓa na hagu. Bayan wata uku, kashi 17 na rukunin farko suna nan da ita, na biyun kuwa saura kashi 5. Shi ya sa in ana maganarta hagu ake nufi galibi, domin ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da hagun jiki.

In mutum ya waiwayi shekara kusan 150 da aka shafe ana rubutu a kanta, ba zai tarar da wani magani da ya gamsar ba. Abin da zai tarar ya sauya shi ne irin kallon da likita ke yi wa mara lafiya. An daɗe ƙwarai ana ƙirga abin da ya bari a hagu kafin wani ya tsaya ya dubi abin da yake yi a dama.

Tun 1876 Hughlings Jackson, shi ma a Landan, ya ba da labarin wata mata mai ƙari a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, wadda aka miƙa wa allon gwajin ido ta fara karatu daga kusurwar ƙasa ta dama tana komawa baya. Amma yaƙi ne ya tara wa likitoci irin waɗannan mutane a wuri guda. A Yaƙin Duniya na Ɗaya samari sun yi ta dawowa daga fagen fama da raunin harsashi a ka, raunin da kan lalata wuri ƙarami ya bar sauran. Gordon Holmes a ɓangaren Birtaniya da Walther Poppelreuter a ɓangaren Jamus, kowa ya duba nasa sojojin, suka lura da abu ɗaya: ka kaɗa wa soja yatsa a hagu shi kaɗai, ya gani, ka kaɗa biyu lokaci guda, ɗaya a kowane gefe, ya ce ɗaya ya gani, na dama. Poppelreuter, wanda littafinsa ya fito a 1917, har allo ya haɗa mai cike da tarkacen haruffa da lambobi da siffofi, yana sa soja ya nemo masa guda yana duba agogo. Tun a lokacin ke nan an taɓo batun nema, sai dai aka bar shi ya kwanta shekara da shekaru.

Gwajin yatsa biyun shi ya raba gardama da masu cewa makanta ce. Akwai makantar rabin gani, wadda bugun jini kan jawo in ya lalata hanyar da saƙon ido ke bi zuwa ƙeya, kuma sau da yawa larurorin biyu kan haɗu a mutum ɗaya. To amma mai makantar rabin gani yakan gane an rage masa wani abu, ya riƙa juya kai yana cike giɓin. Mai sha'afa ba ya juyawa, saboda a wurinsa babu giɓi, duniyar da yake gani cikakkiya ce. Wasu ma shanyewar jikin nasu suke musantawa, abin da Joseph Babinski ya bayyana wa taron likitoci a Faris a 1914. Alƙalin Kotun Ƙolin Amurka William O. Douglas, da bugun jini ya shanye wa hagu a ranar ƙarshe ta 1974, ya koma aiki a keken marasa lafiya yana cewa ba wani abin kirki ya same shi ba, har yana gayyatar 'yan jarida su fita doguwar tafiyar ƙafa tare. Sai a Nuwamba 1975 ya ajiye aiki.

Daga nan aka shiga zamanin takarda da biro. A 1973 Martin Albert, a Boston, ya fito da gwajin da ya fi kowanne sauƙi: gajerun layuka 40 warwatse a kan takarda, a ce wa mara lafiya ya soke kowanne. Mai larurar zai soke na dama, ya ajiye biro, ya ce ya gama. Akwai kuma na raba layi, inda za a ja dogon layi a ce ya sa alama a tsakiya, sai alamarsa ta faɗa can dama. A 1987 Barbara Wilson da Janet Cockburn da Peter Halligan suka tattara ire-iren waɗannan gwaje-gwaje suka yi musu ma'auni a cibiyar Rivermead ta Oxford. Ba ƙaramin ci gaba ba ne, domin likitan wannan gari da na wancan sun samu lambar da za su yi magana da ita. Sai dai lambar ta abin da aka bari ce. A idon mai gwaji takarda ta kasu biyu, gefen ciwo da gefen lafiya, kuma ba wanda ya damu da yadda biron ya yi yawo a gefen lafiyar.

Masu neman dalili kuwa sun rabu. Kenneth Heilman a Florida da Marsel Mesulam a Boston, a 1980 da 1981, suka ce ɓarin dama na ƙwaƙwalwa yana lura da ɓangarorin biyu, na hagu kuwa dama ya fi sani. In na hagu ya lalace akwai mai rufa masa baya, in na dama ne babu. Marcel Kinsbourne ya riga su da wata fassarar. A wurinsa ɓarin biyu turereniya suke yi, kowanne na tura hankali zuwa kishiyar gefensa, in ɗaya ya raunana ɗayan ya yi rinjaye ya ja mutum gefe. Bisa wannan fahimta babu wata iyaka a tsakiyar takarda. Abin gangare ne: duk abin da ya fi kusa da dama ya fi samun rabo, ko da a cikin gefen daman ne. Ni dai ina ganin Kinsbourne ya fi kusa da abin da aka gano daga baya, ko da yake ba a rasa gaskiya a maganar sauran ba.

Ana cikin haka wani ɗan rahoto mai shafi kaɗan ya fito daga Italiya a 1978 ya girgiza kowa. Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti suka ce wa marasa lafiya biyu, waɗanda suka san Milan ciki da bai, su ɗauka suna tsaye a dandalin babban cocin birnin suna fuskantar cocin, su lissafo abin da ke wurin. Suka jero gine-ginen dama, na hagu kuwa ƙalilan. Aka ce to yanzu ku ɗauka kuna bakin ƙofar cocin kun ba shi baya. Nan take gine-ginen da suka tsallake ɗazu suka fito a bakinsu, tun da yanzu sun koma dama, waɗanda suka ambata da farko kuma suka ɓace. Babu dandali a gabansu, laluben a zuci suke yinsa, shi ma ya karkace. Shekara 10 bayan haka John Marshall da Halligan suka nuna wa wata mata hoton gida biyu, ɗaya wuta na ci ta hagunsa. Ta ce ai duk ɗaya ne. Da aka matsa mata ta zaɓi wanda za ta zauna a ciki, ta nuna marar wutar sau 14 cikin 17. Saƙon hagu yana shiga, ana ma sarrafa shi, bai dai kai ga sanin mai shi ba.

Gwajin da na fi so a duk wannan tarihi bai kai waɗannan suna ba, kuma farin allo da abin gogewa kawai ya ci. A 1988 Victor Mark da Kooistra da Heilman suka ba marasa lafiya aikin soke layuka iri biyu. A na farko su ja biro a kan kowane layi kamar yadda aka saba. A na biyu su goge layin gaba ɗaya. Da gogewa sai aka ga suna kutsawa hagu fiye da da: mutum ya goge na bakin dama, na kusa da shi ya zama shi ne ƙarshen dama, ya goge shi, haka haka har ya tsallaka inda a da ba ya kaiwa. Ko ɗigo ba a ƙara wa hagun ba. Daman aka rage. Ashe layin da aka riga aka soke bai daina kiran ido ba, alamar biron ma ƙara fito da shi take yi.

Wannan ya dace da abin da Michael Posner da abokansa suka auna a Oregon a 1984. Mara lafiya na kallon tsakiyar allon kwamfuta, wani ɗan haske ya ƙyafta a gefe guda don jan hankali, sannan abin da ake so ya gani ya bayyana. In hasken ya ƙyafta a hagu abin ya fito a hagu, jinkirin kaɗan ne. In kuwa hasken ya ja shi dama sannan abin ya fito a hagu, sai ya yi nauyi ƙwarai, wani lokaci ma abin ya wuce bai gani ba. Wahalar ta fi tsanani wajen sakin abin da aka riga aka kama. A 1989 Mirjam Eglin da Lynn Robertson da Robert Knight, a Kalifoniya, suka ƙara nuna cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya samo abu a hagu yana ƙaruwa gwargwadon yawan tarkacen da aka zuba a dama. Shi ya sa wanda ya haye gwajin Albert mai layuka zalla yakan faɗi warwas in aka cakuɗa abin nema da wasu abubuwa. Ɗakin asibiti da kasuwa da bakin titi kuwa kullum a cakuɗe suke.

A 1989 ɗin dai, a Montreal, Louise Gauthier da abokan aikinta suka fito da gwajin ƙararrawa: ƙananan ƙararrawa 35 a ɓoye cikin hotuna 280 na gidaje da dawakai da makamantansu. Sabon abin da ke cikinsa shi ne mai gwaji yana riƙe da tasa takardar yana rubuta yadda aka bi, wacce aka fara zagayewa, wacce ta biyo baya. Lafiyayyen da ya yi karatun boko yakan fara daga hagu, ya bi sahu-sahu. Mai sha'afa yakan fara daga dama, ya yi tsalle nan da can ba tsari. Da Philippe Azouvi na Faransa da tawagarsa suka gwada mutum 206 masu lahanin ɓarin dama, sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna cewa a duk ma'aunan takarda babu mai tona larurar kamar inda mutum ya fara sa biro. Yana iya samo ƙararrawar duka, ya ci maki cikakke, wurin farawarsa ya fallasa shi. Irin wannan mutumin ne za a sallama a ce ya warke, ya je ya yi karo da ƙyauren ƙofa ta hagu ranar da hankalinsa ya rabu biyu.

Batun karatun boko ba a banza ya shigo ba. A 1993 Sylvie Chokron da Michel Imbert suka sa lafiyayyun Faransawa da lafiyayyun Isra'ilawa raba layi. Masu fara karatu daga hagu suka ɗan karkata hagu, masu farawa daga dama suka ɗan karkata dama. To ina ga malamin da ya tashi a makarantar allo, ya shekara 50 yana fara shafi daga dama, ko ɗan kasuwar da ke rubuta bashi da ajami? In shi ya fara neman ƙararrawa daga dama, ba lallai ciwo ne ya sa ba. In kuma ciwon ne, ba farkon layi zai riƙa yarwa ba kamar mai karanta jarida, ƙarshen layi ne zai salwanta. Ma'aunin da aka gina a kan mutanen Faris da Montreal yana buƙatar a sake auna shi a Kano da Damagaram kafin a yanke wa kowa hukunci da shi.

Sai aka zo zamanin na'urar da ke bin ƙwayar ido tana rubuta duk inda ta sauka. A shekarun 1990 masu bincike a Ingila da Jamus, musamman Hans-Otto Karnath na Tübingen, suka zaunar da marasa lafiya a ɗaki mai duhu dulum, suka ce akwai ɗan ɗigon haske a wani wuri, su nemo shi. Babu wani haske. So ake a ga inda ido zai je in ba abin da ke kiransa. Idon ya yi ta kai-komo a dama. Karnath ya lura cewa yawon idon yana da fasali irin na lafiyayye, da cibiyarsa da gefensa biyu, sai dai cibiyar ta gusa dama. Abin da mutumin ke ji a jikinsa cewa nan ne gabansa sak, shi ne ya jirkice. Don haka ba za a ɗora wa tarkacen dama laifin duka ba.

A 2001 Masud Husain da abokan aikinsa a Landan suka yi wata dabara da ta buɗe sabon babi. Suka cika allon kwamfuta da harafin L, suka warwatsa T a ciki, suka ce wa mara lafiya ya nemi T da ido, ya danna maɓalli kawai in ya ga wanda bai gani ba a baya. Ba a sa wa wanda aka samu alama, sai dai mutum ya riƙe a ka. Na'ura na bin idonsa. Mutumin ya yi ta komawa kan T ɗin da ke dama, wanda ya gani ɗazu-ɗazun nan, yana danna maɓalli a kan sabo ne. Lafiyayye ma idonsa kan koma inda ya riga ya duba, amma ya san ya duba, ba ya dannawa. Shi wannan, da zarar ido ya yi tsalle biyu-uku, lissafin inda ya bi ya zube. Ka ɗauki mai kalar gyaɗa da duk sanda ya ɗaga kai ƙafa ke mayar da shi kunyar bakin gona, kuma duk komawa yana ganin yanzu ya fara isowa gare ta. Ba zai kai ɗaya gefen gonar ba, kuma da yamma zai rantse ya bi ta kaf. Larura biyu ce ta haɗu: ɗaya tana jan shi dama, ɗaya tana hana shi sanin ya gama da daman.

A shekarar kuma Ewa Wojciulik, tare da su Husain, ta gwada soke-soke da biron da alamarsa ba ta ganuwa. Abin ya ƙara lalacewa, ana ta maimaita soke na dama, na hagu da ake bari ya ƙaru. Da wannan aka fahimci gwajin farin allon nan da kyau. In an goge layi, babu abin da zai ja ido kuma babu abin da za a tuna. In an soke shi da alama, yana jan ido amma alamar tana shaida cewa an gama da shi. In kuwa yana nan ba alama, yana jan ido kuma ba mai shaida. Rayuwar yau da kullum irin ta ukun ce. Wanda ke neman carbinsa a ɗaki, ko fuskar ɗansa a cikin masu dubiya, ba wanda ke sa masa alama a inda ya riga ya duba.

Har tsakiyar gani, inda babu batun hagu ko dama, bai tsira ba. A 1997 Husain ɗin dai ya riƙa haska wa mutane haruffa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda cikin sauri. Kowane ɗan Adam in ya cafke harafi ɗaya, hankalinsa kan ɗauke na ƙasa da rabin daƙiƙa kafin ya iya cafke na biyu. A masu sha'afa wannan ɗaukewar ta kai kusan ninki uku. Shekara ɗaya bayan haka Ian Robertson a Cambridge ya nuna cewa ƙara ta ba-zata tana farkar da su su lura da abin hagu na ɗan lokaci, ko da ba daga hagun ta fito ba. Masu jinya sun daɗe da sanin cewa larurar takan tsananta in mara lafiya ya gaji ko yana gyangyaɗi, yanzu an samu dalili: ɓarin dama yana da babban hannu wajen riƙe hankali a farke gaba ɗaya.

An kuma sha gardama kan ainihin wurin da ke lalacewa, gardamar da ban ga ta amfani mara lafiya sosai ba. Tun littafin Macdonald Critchley na 1953 ake ɗora abin a kan sashen fariyetal, sama da kunne ta baya. A 2001 Karnath ya ce a'a, ƙasa da nan ne. A 2003 wasu masu bincike a Landan suka mayar masa da martani da hotunan MRI suka ce fariyetal ɗin ne dai. Abin da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga ɗakin tiyata a Faris a 2005. Ana cire wa mutum biyu ƙari a ƙwaƙwalwa suna farke, ana ba su layi suna rabawa, likita na taɓa wurare da 'yar wutar lantarki don ya san inda ba zai yanka ba. Michel Thiebaut de Schotten da Paolo Bartolomeo da abokansu suka ba da rahoton cewa a ɗaya daga cikinsu alamar ta fi zamewa dama lokacin da aka taɓa damin jijiyoyin da ke haɗa bayan ƙwaƙwalwa da gabanta. Yau masana da yawa sun karkata ga cewa hanyar sadarwa ce ke yankewa, kuma tana iya yankewa a wurare daban-daban, shi ya sa da wuya a samu masu sha'afa biyu iri ɗaya sak. Wani abin kusa yake sha'afa da shi, amma a ba shi abin nuni mai haske ya raba layin da ke nesa daidai, kamar mutumin da Halligan da Marshall suka bayyana a 1991. Wani kuma kowane abu rabinsa na hagu yake yarwa, ko da abin yana damansa.

Magani kuwa, nan ne waiwayen ke da ɗaci. A 1977 Leonard Diller da Joseph Weinberg da abokansu a Niyok suka tsara horon dube-dube: a ja jan layi mai kauri a gefen hagu na shafi, a ce wa mara lafiya kada ya fara karatu sai ya nemo shi. Yana aiki, har yau ana yinsa. Illarsa ita ce wanda ya ƙware a shafi yakan tashi ya buga kafaɗa a bango, domin horon ya dogara ne da mutum ya tuna ya duba, alhali abin da zai tuna masa shi ne ya lalace. Masu cewa ai in an fahimtar da mutum zai gyara, su dubi Federico Fellini. Shahararren mai shirya fim ɗin na Italiya ya samu bugun jini a ɓarin dama a watan Agustan 1993, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Ya san abin da ke damunsa sarai, yana ma raha a kai, kuma da yake gwanin zanen barkwanci ne ya riƙa mayar da layukan gwaji zane-zane. Duk da haka alamarsa na faɗawa dama. Anna Cantagallo da Sergio Della Sala ne suka wallafa bayaninsa a 1998.

Sai aka koma neman hanyar da ba ta bi ta kan niyyar mara lafiya. A 1985 Alan Rubens ya ɗura wa masu larurar ruwan sanyi a kunnen hagu, abin da ke rikita ma'aunin daidaito na cikin kunne. Sha'afar ta ragu ƙwarai, ta dawo bayan 'yan mintoci. Karnath ya samu irin haka da na'urar da ke girgiza naman wuya ta hagu. A 1998 Yves Rossetti da tawagarsa a Liyon suka sa wa marasa lafiya tabarau mai gusar da gani digiri 10 zuwa dama, suka sa su nuna wani ɗigo da yatsa sau 50. Da farko yatsa na zarcewa dama, sai ƙwaƙwalwa ta gyara ta riƙa tura hannu hagu. Da aka cire tabarau gyaran ya zauna, kuma bayan awa biyu zanensu da soke-sokensu sun fi na da kyau. Minti kaɗan, ba allura ba ƙwaya. An yi murna sosai a lokacin.

Murnar ba ta kai inda aka so ba. Da aka faɗaɗa gwajin tabarau, wasu asibitoci suka ga amfani, wasu ba su gani ba. A 2021 ƙungiyar Cochrane mai tace sakamakon binciken likitanci ta tattara gwaje-gwaje 65 da suka ƙunshi mutum 1,951, na tabarau da horon ido da motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ko lantarki da sauransu, ta ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa a tabbatar da cewa ɗaya daga cikinsu na kawo sauƙi mai ɗorewa a harkokin yau da kullum ba. Raba 1,951 gida 65 ka ga inda matsalar take: kimanin mutum 30 ke nan a kowane gwaji. Kuma da yawansu maki a takarda suka fi aunawa, ba ko mutum ya iya sa riga ba, duk da cewa tun shekarun 1990 akwai ma'aunin Catherine Bergego da aka yi a Faransa, mai duba abubuwa 10 na rayuwa kamar ado da cin abinci da karo da kaya. Ban ce a daina horon ba. Amma fahimtar larurar ta yi wa maganinta nisa, kuma sauƙin da mutane da yawa ke samu a watanni ukun farko jiki ne ke kawo akasarinsa. Mai zanen Jamus Anton Räderscheidt, bayan nasa bugun na 1967, ya yi ta zana fuskarsa; a hotunan farko rabin fuska ne a gefen dama na allo, sannan wata bayan wata hagun ya riƙa cikowa. Ba kowa ke samun haka ba.

Mu a nan abin ya shafe mu kai tsaye. Binciken SIREN, wanda Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa, a asibitocin Najeriya da Ghana har da na Kano da Zariya da Kumasi, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, kuma matsakaicin shekarun waɗanda abin ya sama 59 ne, wato iyaye masu ɗawainiya a kansu. In an kai su asibiti, idon kowa yana kan hannu da ƙafa da baki. Wanda hagunsa ya shanye galibi maganarsa ba ta ɗaukewa, yana hira yana raha, sai dangi su ce Alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. A kai shi sashen gashi, ƙafa ta fara ɗaukarsa, a sallame shi. Daga nan a fara: Baba ya zama mai taurin kai, Baba ba ya kula surukarsa da ke zama ta hagunsa, Inna ta bar rabin tuwo don fushi. Wani a kai shi a yanka masa tabarau, wani a ce shafar aljanu ce. Alhali bincike da yawa sun tabbatar cewa mai sha'afa ya fi saurin faɗuwa, ya fi daɗewa a gadon asibiti, kuma ya fi shan wuya kafin ya koma yi wa kansa hidima.

Don haka mai karatu, in kana jinyar wanda hagunsa ya shanye, ɗauki takarda ka zazzana gajerun layuka ko'ina, ka cakuɗa su da wasu alamomi, ka ajiye ta daidai saitin ƙirjinsa, ka ce ya soke layukan. Kada ka tsaya a ƙirga waɗanda ya bari. Dubi inda ya fara, ka kuma lura ko yana komawa kan wanda ya riga ya soke. In ka ga alama, gaya wa likita da ma'aikacin gashi da bakinka, kada ka jira su tambaya. A gida a rage kaya da hayaniya a damansa lokacin cin abinci da motsa jiki, a kashe talabijin, a riƙa sa shi motsa hannun hagun iya yadda zai iya, a yi horon sa'ad da yake a wartsake. Tunatarwa cikin lalama takan taimaka na ɗan lokaci, tsawa ba ta ƙara komai. Kuma kada a bar shi ya tuƙa mota ko babur, ko ya tsallaka titi shi kaɗai, ko da ya rantse ba abin da ke damun idonsa, sai likita ya gwada shi ya amince.